Ɗan Mai Bashi da Ya Zana Haukan Landan

A shekarar 1708 aka tsare wani malamin makaranta a birnin Landan saboda bashi. Sunansa Richard Hogarth. Gwanin harshen Latin ne, ya rubuta littattafan koyar da yara, har ya haɗa ƙamus wanda babu maɗaba'ar da ta yarda ta buga masa. Da koyarwa ta kasa riƙe gida, sai ya buɗe gidan shan gahawa a unguwar Clerkenwell, inda za a riƙa zama ana hira da Latin. Masu jin Latin ba su da kuɗi, masu kuɗi kuma ba sa jin Latin. Jari ya karye, masu bin sa bashi suka kai shi kurkukun Fleet. A wancan zamani kurkukun masu bashi kasuwa ce sosai: fursuna shi zai biya kuɗin ɗaki, ya biya na abinci, ya kuma ga masu gadi. Wanda ya iya ajiye wani abu akan bar shi ya kama haya a lungunan da ke kewaye da kurkukun, da sharaɗin ba zai ƙetare iyaka ba. A irin wannan zama iyalin Richard suka tsinci kansu, matarsa Anne tana sayar da maganin ciwon cikin jarirai don a samu abin kaiwa baka. Sai 1712 aka sake shi, ya rasu a 1718 bai farfaɗo ba. Ɗansa William yana da shekara 10 lokacin da aka kama uban. Ya rayu har 1764, ya bar rubuce-rubuce a kan rayuwarsa, amma ko sau ɗaya bai ambaci wannan ɗauri ba.

Tun da babu kuɗin dogon karatu, aka kai William wajen wani maƙerin azurfa mai suna Ellis Gamble, ya koyi sassaƙa tambarin gidajen masu hali a jikin faranti da kofuna. Aikin ya gundure shi, ya koma kan allon jan ƙarfe, wanda da shi ake buga hotuna a lokacin. Mai zane zai ɗauki ɗan ƙarfe mai tsini ya riƙa tsaga layi a jikin allon, siriri bayan siriri, komai a juye, har rubutu daga dama zuwa hagu, domin idan an buga ya fito daidai. Sai a shafe allon da tawada, a goge samansa tas, tawadar ta saura cikin tsagogin kawai, a ɗora takarda mai danshi a matse da inji. Allo ɗaya yakan ba da ɗaruruwan hotuna kafin layukansa su dushe. A watan Afrilun 1720, yana da shekara 22, William ya buga katin shagonsa na kansa. A cikin watan ne kuma majalisar Birtaniya ta amince da wata doka da ta tsiyata dubban gidaje kafin shekara ta fita.

Dokar ta shafi Kamfanin South Sea ne, wanda aka kafa a 1711 a ƙarƙashin Robert Harley, jagoran gwamnatin lokacin. Yaƙi da Faransa ya tara wa gwamnati bashi, sai aka ce wa masu bin ta kimanin fam miliyan 9 su karɓi hannun jarin sabon kamfani a madadin kuɗinsu. Gwamnati za ta riƙa biyan kamfanin ruwa duk shekara, shi kaɗai kuma ke da izinin fatauci da Kudancin Amurka. Sai dai ƙasashen nan a hannun Sifaniya suke, ba kuwa wanda ya nemi shawararta. Da aka yi sulhu a Utrecht a 1713, abin da ta yarda da shi a fannin haja bai taka kara ya karya ba: jirgi ɗaya tak a shekara, mai ɗaukar tan 500. Babban abin da kamfanin ya samu shi ne kwangilar kai bayi 4,800 duk shekara, har shekara 30, daga Afirka zuwa yankunan da Sifaniya ke mulka. A 1718 Sarki George na Ɗaya da kansa ya zama gwamnan kamfanin. A shekarar kuma yaƙi ya sake ɓarkewa da Sifaniya, ɗan cinikin da ake yi ya tsaya cak.

Mai juya akalar kamfanin wani ne John Blunt, ɗan mai ɗinkin takalma, wanda ya fara da sana'ar rubuta wa mutane takardun yarjejeniya. Ya ga yadda John Law, mutumin Sikotlan, ya rikita birnin Paris da Kamfanin Mississippi, sai ya ce shi ma zai haɗiye bashin Birtaniya, kimanin fam miliyan 31. Bankin Ingila ya nemi kwangilar, amma kamfanin ya doke shi da alkawarin ba gwamnati har fam miliyan 7 da rabi. Makircin yana cikin abin da dokar ta yi shiru a kai, wato farashin da za a yi musanyar. An yarda kamfani ya ƙirƙiri takardar jari ta fam 100 a kan kowane fam 100 na bashin da ya karɓa. To idan takardar fam 100 tana fam 300 a kasuwa, wanda ke bin gwamnati fam 300 takarda ɗaya za a miƙa masa, biyu su rage a hannun kamfani ya sayar ya karɓi tsaba. Ribar ke nan, babu wata. Don haka dole farashi ya hau, ko ta halin ƙaƙa.

Blunt ya san hanya. Ya sayar da takardu a kan biya kaɗan-kaɗan, mutum ya ajiye kashi 10 ko 20 cikin 100, sauran sai gaba. Kamfanin ya riƙa ba mutane rance, jinginarsu takardun kamfanin, su kuma su koma su ƙara sayen takardun da kuɗin. Manya kuwa ba a wahalar da su da biya ba. An rubuta a littafi cewa an sayar musu da jarin sama da fam rabin miliyan, ba su ba da ko kwabo ba, da farashi ya hau sai suka zo suka karɓi bambancin. Cikin waɗanda suka amfana akwai ministoci, da 'yan majalisa, da Duchess ta Kendal, farkar Sarki. Takardar da ke fam 128 a watan Janairu ta kai 330 a Maris, 550 a ƙarshen Mayu, ta taɓa 1,000 a tsakiyar shekara. A wani ɗan lungu da ake kira Exchange Alley, inda gidajen gahawa na Jonathan da Garraway suke, ba ka samun masaka tsinke. Sarakai da barorinsu, limaman coci, matan manya da suka jinginar da sarƙoƙinsu, duk suna cincirindo a wuri ɗaya. A watan Yuni aka ba Blunt sarauta.

Ganin haka, kowane ɗan wayo ya buɗe nasa kamfanin. Wannan na inshora, wancan na kamun kifi, wani na narkar da ƙarafa. Akwai na wani lauya, James Puckle, wanda a 1718 ya yi rajistar wata bindiga mai harbi a jere. A takardar rajistar ya bayyana cewa tana da harsashi iri biyu, mulmulalle don yaƙi da Kiristoci, mai kusurwa huɗu don Turkawa, wai shi ya fi yin ɓarna. Masu sayar da hotuna ba su bari damar ta wuce su ba. A Amsterdam aka tattara zane-zanen shagube a kan wannan hauka cikin babban kundi guda, masu shaguna a Landan suka riƙa kwafa suna sauya rubutun zuwa Ingilishi. Wani mai suna Thomas Bowles ya buga karta, kowace ƙwaya da hoton wani kamfani ko wani wawan da ya zuba kuɗi, da 'yan baitocin ba'a a ƙasa. Bindigar Puckle ta samu tata ƙwayar, inda aka yi mata dariyar cewa masu jari kaɗai ta taɓa ji wa ciwo. Abin lura, ana tsakiyar tsiyacewa mutane suka riƙa sayen kartar, suna caca da hoton cacarsu.

Kamfanin South Sea da kansa ya haƙa ramin da ya faɗa. Ƙananan kamfanonin nan suna janye masa kuɗin jama'a, don haka ya ji daɗin dokar da aka kafa a watan Yuni mai hana kamfani sayar da jari ba da izinin Sarki ba, a watan Agusta kuma aka maka wasunsu a kotu. Farashinsu ya faɗi. Waɗanda suka ci bashi suka saye su ba su da abin biya, sai suka fara sayar da takardun South Sea. Daga nan kowa ya nemi ƙofa. Kafin ƙarshen Satumba takardar ta koma ƙasa da fam 200, bankin Sword Blade da kamfanin ke hulɗa da shi ya rufe ƙofa. Wanda ya yi alkawarin biyan 1,000, ya ajiye 100, yanzu ana bin sa 900 a kan takardar da ba ta kai rubu'in haka ba. Isaac Newton, masanin lissafin da ya gano ƙa'idar tafiyar taurari, wanda kuma shi ne shugaban gidan buga kuɗin ƙasar, ya sayar da wuri ya ci riba, ya ga farashi na ƙara hawa, zuciya ta ɗebe shi ya koma. An ƙiyasta asararsa a kan fam 20,000. Wani marowacin mai sayar da littattafai, Thomas Guy, ya sayar da nasa tun ana hawa, ya kwashi sama da fam 200,000, ya gina asibitin da har yau ke ɗauke da sunansa a Landan.

Majalisa ta kafa kwamitin bincike. Ma'ajin kamfanin, Robert Knight, shi ke riƙe da wani koren littafi mai ɗauke da sunayen duk waɗanda aka toshe wa baki. A watan Janairun 1721 ya tsallake teku da littafin. An kama shi an tsare a ganuwar Antwerp, gwamnati tana ta kumfar baki a fili cewa a miƙo shi, alhali a fada babu mai son ganin ya dawo. Bayan 'yan watanni ya sulale daga inda ake tsare da shi, ya zauna a Paris cikin wadata, a 1742 aka yafe masa. Ministan kuɗi John Aislabie aka kore shi daga majalisa aka kulle a Hasumiyar Landan. James Craggs, shugaban gidan waya, ya mutu dab da ranar da zai amsa tambayoyi. An ƙwace mafi yawan dukiyar Blunt da ta sauran daraktoci. Amma Robert Walpole, wanda ya karɓi ragama a 1721 ya riƙe har 1742, ya tabbatar binciken bai kai ga fada ba, har aka laƙaba masa sunan babban mai labule. Masu zane suka riƙa buga hotunan ƙaton labule da manya a laɓe bayansa, wani kuma ya sa Knight cikin kwalekwalen Shaiɗan ana tuƙa shi zuwa wuta.

A cikin wannan ƙura, a 1721, matashin nan William Hogarth ya sassaƙa nasa hoton. Kuɗinsa sule ɗaya, ya kuma bazu sosai daga 1724. Hoto ne da ake karantawa, sai an bi shi kusurwa-kusurwa. A dama ga dogon ginshiƙin da aka gina don tunawa da gobarar Landan ta 1666, amma Hogarth ya sauya rubutun jikinsa, ya ce an gina shi ne don tunawa da halakar da South Sea ta yi wa birnin a 1720. A samansa kyarketai suna yagar juna. A hagu an rataye Sa'a, cikin siffar mace, da gashin kanta a jikin baranda, Shaiɗan riƙe da lauje yana yankar naman jikinta yana jefa wa taron da ke ƙasa suna wawaso. A tsakiya ga wani lilo mai juyawa da dawakan katako, bunsuru a ƙololuwarsa, da rubutun da ke tambayar wa zai hau. Waɗanda suka hau su ne karuwa, da limamin coci, da shushaina, da wata tsohuwa, da basaraken Sikotlan, kowa ya rungume dokinsa, ana ta zagaye wuri ɗaya. Ta can baya mata sun yi layi a wani bene inda ake cacar samun miji.

Ƙasan hoton ya fi muni. An tuɓe Gaskiya tsirara an ɗaure a kan ƙafar keken doki, Son Kai yana karya mata gaɓoɓi da kulki. An ɗaure Mutunci a gindin ginshiƙin, Mugunta tana tsula masa bulala, wani biri mai rataye da takobi irin na manya ya ɗauke rigar Mutuncin yana yafawa. A kusurwar hagu fadan Katolika da malamin Yahudawa da mai wa'azin wata ɗariƙar Furotesta, mutanen da ba sa ga maciji da juna, sun durƙusa wuri ɗaya suna caca. A kusurwar dama, cikin duhu, ga Fatauci kwance, ba ka iya cewa barci yake ko ya mutu.

Ina ganin ƙarfin hoton shi ne kuma rauninsa. Hogarth bai nuna Blunt ko Aislabie da suna ba. Gari guda ya tuhuma, daga mai rawani har mai goge takalma, kuma da gaskiyarsa, domin babu wanda aka ɗaure aka kai Exchange Alley, kowa ganin kitse ya yi wa rogo. Sai dai idan laifi ya zama na kowa, masu koren littafi sun samu wani labulen. Akwai kuma abin da bai shiga hoton ba sam. Babu jirgi, babu kaya, babu alamar cinikin da kamfanin yake yi a zahiri. Bayan rushewar 1720 kamfanin bai mutu ba, ya ci gaba da jigilar bayi har 1739. An ƙiyasta ya sayi mutum kimanin 34,000 a tsawon wannan kwangila, wajen 4,000 daga cikinsu suka mutu a teku. Landan ta yi kukan takardunta har da hotuna da karta, waɗannan kuwa ko a kusurwa ba a sa su ba.

Shi ma mai zanen bai daɗe ba ya ɗanɗana tasa. A 1724 ya buga wani hoto da kansa yana yi wa mutanen gari ba'a kan yadda suka haukace da wasannin rufe fuska da waƙe-waƙen Italiya. Hoton ya karɓu. Nan da nan masu shaguna suka sa aka kwafe shi, suna sayarwa rabin kuɗi, nasa na asali kuma suka dawo masa da shi wai ba ya tafiya. Ƙarshe dole ya sayar musu da allon a kan abin da suka ga dama. Duk wanda ya ga yadda satar fasaha ta durƙusar da masu shirya fim a Kano lokacin kaset da faifai ya san irin wannan takaici. Dokar haƙƙin mallaka ta 1710 littattafai ta kare, ba ruwanta da hotuna.

Hogarth ya sake dabara, kuma dabarar ta yi kama da ta Blunt: a biya rabi yanzu, rabi in kaya sun fito. Bambancin dai shi yana da kayan. A 1732 ya fitar da jerin hotuna shida masu ba da labarin wata 'yar ƙauye da ta shigo Landan neman aiki, wata magajiya ta tare ta tun a tasha, ta zama farkar attajiri, ta faɗa karuwanci, ta shiga gidan horo, ta mutu tana da shekara 23. Mutum 1,240 suka yi rajista, kowa gini guda, wato sule 21. Ɓarayin zane suka sake yi masa ca. Da ya gama jeri na biyu, mai hotuna takwas, sai ya ƙi fitarwa. Wannan labarin Tom Rakewell ne, ɗan wani marowacin attajiri, wanda ya gaji dukiya ya ƙarar da ita a kan tela da mawaƙa da mata da caca. A hoto na bakwai Tom yana kurkukun Fleet, ya zauna ya yi tagumi, mai gadi na tsaye da littafi yana neman kuɗinsa, yaron mashaya ya ƙi sakin kofi sai an biya. A gefe wani fursuna mai tsumma, takarda na faɗowa daga jikinsa, an rubuta a kanta cewa sabon tsari ne na biyan bashin ƙasa, wanda wani ɗaurarre a Fleet ya tsara. Mutumin da ya kasa biyan nasa ke nan. Hoto na takwas a gidan mahaukata na Bedlam yake, matan manya sun zo kallo suna rufe fuska da mafici.

Abin da Hogarth yake jira kafin ya fitar da hotunan shi ne majalisa. Shi da wasu abokan sana'arsa sun kai koke, aka kuwa kafa doka a 1735 wadda ta ba mai zane haƙƙin hotonsa shi kaɗai har shekara 14, muddin ya sa sunansa da kwanan wata a jikin allon. Wanda aka kama da kwafi za a ƙwace allonsa, ya kuma biya sule 5 a kan kowane hoto. Har yau da sunan Hogarth ake kiran dokar. Masu shagunan ba su zauna ba. Tun kafin ta fara aiki suka riƙa tura mutane gidansa a matsayin masu son saye, su ƙare wa zanen kallo, su koma su faɗa wa masu sassaƙa abin da suka iya tunawa. Haka aka cika kasuwa da gurgun labarin Tom 'yan makonni kafin na gaskiya ya fito a ƙarshen watan Yuni. Hogarth ya mayar musu da martani ta hanyar ba wani mai shago, Thomas Bakewell, izinin buga ƙananan kwafi a kan sule biyu da sisi, don mai ƙaramin ƙarfi ya samu na halal.

Daga nan ya ci gaba da bin rayuwar Ingila lungu-lungu: auren kuɗi tsakanin ɗan basaraken da ya tsiyace da 'yar attajiri mai neman suna, maguɗin zaɓe, da unguwar 'yan giya a hotonsa na 1751, inda uwa a buge take sakin jaririnta yana faɗowa daga matakala. Bai haihu ba. Da ya rasu a 1764 allunan jan ƙarfensa ya bar wa matarsa Jane, 'yar mai zanen fada Sir James Thornhill, wadda ya gudu da ita suka yi aure a 1729 ba da yardar ubanta ba. Wa'adin shekara 14 ya riga ya ƙare a kan yawancin hotunan, masu kwafi sun dawo. Jane ta kai nata koken, a 1767 majalisa ta ƙara mata shekara 20 ita kaɗai, ta ci gaba da buga hotunan tana sayarwa daga gidansu na Leicester Fields har ta rasu a 1789.